Saƙin Abibatu

Hamburg, farkon Maris

Gwaggo Mulikatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da azumi. Yaya gwiwar taki? 'Yar'uwata Samiratu ta ce mini yanzu a zaune kike salla. Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaishe mini da ɗan'uwana Hakim da iyalinsa da duk mutanen gida. Maigidana Basit yana gaisuwa. Mu lafiya lau, sai sanyi da aiki.

Na san ba kya son magana mai nauyi a waya, kin sha faɗa cewa a gidanmu na Mamobi bango ba ya riƙe murya. Shi ya sa na rubuta, Alhaji Braimah zai kawo miki hannu da hannu.

Gwaggo, ina da ciki. Ya shiga wata na biyar. Bayan duk shekarun nan na jira da asibiti da maganganun mutane, Allah ya dube mu. Ban faɗa wa kowa a gida ba, ke ce ta farko.

Abin da nake roƙo kin san shi. Tun zamanin Alhaja, kakarmu, babu jaririn da aka haifa a gidanmu bai kwanta a kan bargon haɗi ba, wanda ake ɗinkawa da ƙyallayen zannuwan matan gida. Tun da ta rasu ke kika riƙe allurar. Ina so ɗana ko 'yata ta samu nata. A nan akwai barguna iri-iri a kanti, amma babu wanda ya san mu.

A cikin jakar za ki ga man zafi na gwiwa da shayi, kuma a ƙasa, cikin farar leda, akwai zanen Mma. Shuɗin saƙin nan ne da ta zo da shi daga garinsu a bayan Tamale, tun kafin ta auri Babana. Shi kaɗai ya rage mini nata. Na zo da shi ƙasar nan a jakar hannu, ban yarda ya shiga cikin kaya ba. Ina so ya shiga bargon, don ita ma ta taɓa jikarta ko da ta wannan hanyar ce. Ki yanki abin da ya ishe ki.

'Yarki,
Najat

Mamobi, bayan ƙaramar salla

'Yata Najat,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, da man da shayin. Na gode, Allah ya yi albarka. Da na karanta labarin cikin sai na rufe ƙofa na yi sujada, da ƙyar na tashi saboda gwiwa. Allah ya raba lafiya. Ki rage tsayuwa a wurin aikin nan naku na kula da tsofaffi, ki bar ɗaga masu nauyi. Mu lafiya. Ruwa ya fara, babban kwalbatin Nima ya cika ya yi ambaliya sau ɗaya, amma bai shigo mana ba.

Bargo kuwa ba sai kin roƙa ba, hakkinki ne. Na riga na zaga ɗakuna. Samiratu ta ba da atamfar aurenta, matar Hakim ta ba da koriya, 'yan uwanmu na Alajo sun aiko da nasu. Ni kuma na buɗe akwati na ciro ragowar zanen Alhaja, wanda ta tafi Makka da shi. Ɗan kaɗan ya rage, na ajiye shi ne dama saboda ke.

Sai dai maganar zanen uwarki. Najat, wannan aikin yana da ƙa'ida, ba haɗe-haɗen telolin unguwar Circle ba ne da suke zuba ƙyalle a keke su tura. Alhaja ta koya mini kamar yadda uwarta ta koya mata a unguwar Legas Tawun. Ana wanke kowane ƙyalle kafin a yanka. Ana bin hanyar zare. Ba a sa fari fat, don ya yi kama da abin da ba a son tunawa a kan jariri. Kuma mai nauyi da mai nauyi ake haɗawa, marar nauyi da marar nauyi.

Na warware zanen, na duba shi a rana. Saƙin hannu ne mai kauri, rinin baba. Ba irin namu ba ne, kuma ba zai zauna da namu ba. Duk inda aka sa shi sai ya ja na kusa da shi, ya kuma ɓata su.

Na ga wata shuɗiyar atamfa a kasuwar Nima, launinta kusan ɗaya da shi. In kin yarda sai in sa ta a madadinsa, ba mai ganewa. Zanen kuma in ninke miki shi.

Gwaggonki,
Mulikatu

Hamburg, ƙarshen Afrilu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, sai ƙafafu da suke kumbura. Likita ta ce in riƙa hutawa.

Na karanta takardarki a tashar jirgin ƙasa, na sake karanta ta a gida. Na ba Basit, ya karanta ya miƙo mini. Shi ma ɗan Tamale ne, ya san wannan maganar tun kafin a rubuta ta.

Ba irin namu ba ne. Ba zai zauna da namu ba. Zai ɓata na kusa da shi. Gwaggo, ina ƙarama na ji irin waɗannan kalmomin a tsakar gidan nan, kuma ba a kan zane ake yin su ba. Kowa ya san Mma kayayo ce, dako take yi da kwano a ka a kasuwa lokacin da Babana Jamiu, ƙaninki, ya gan ta. Ta yi shekara goma sha wani abu a gidan, ta koyi Hausarku da girkinku, amma har ta mutu ana kiranta "yarinyar Jamiu". Ranar bikin Mubarika duk matan gida kun sa anko, an yanka wa kowa har da 'yan haya. Mma tana bayan gida tana wanke tukwane da tsohon zaninta. Na je na tambaye ta ina nata. Ta ce, "Je ki yi wasa, kada ki ɓata rigarki."

Kuma na tuna nawa bargon. Kin sha zaunar da ni kina nuna mini: wannan na Alhaja ne, wannan nawa ne, wannan na gwaggonki ta Alajo. Ban taɓa jin kin ce wannan na uwarki ne ba. A lokacin ban lura ba.

Kin ce ƙa'ida. To bargon Hakim fa? Akwai yankin wandon mahaifinsa a gefe, kaki mai kauri, da idona na gani. Ina ƙa'idar ta tafi a ranar?

A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wata tsohuwar Baturiya da take irin wannan ɗinkin tun tana budurwa. Tana haɗa siliki da jins da labulen taga. Na tambaye ta dokokin aikin, ta yi dariya ta ce babu doka, kowa da abin da idonsa yake so. Na yarda da ita. Abin da Alhaja take so ne kuka mayar da shi ƙa'ida, kuma kin san abin da Alhaja ba ta so.

Kada ki sayi atamfar nan. Ba na son abin da ya yi kama da uwata.

Najat

Mamobi, kafin babbar salla

Najat,

Ina amsa gaisuwarki. Kumburin ƙafa ki rage gishiri, ki ɗora su a kan matashi.

Ban taɓa tsammanin zan tsufa in karanta irin wannan daga hannunki ba. Na yi miki maganar zane, kin mayar da ita maganar mutum. Na rubuta abin da hannuna ya sani. Saƙi yana tsukewa in ya sha ruwa, atamfa ba ta tsukewa. Rinin baba yana zuba. Ki sa Samiratu ta jiƙa gefensa ta goga a farin ƙyalle ta faɗa miki, ba sai kin yarda da ni ba.

Baturiyarki a bango take rataye nata, ko a kan kujera. Namu fitsari yake sha, da tumbuɗi, a wanke shi yau a wanke gobe, a shanya a kan kwanon rufi a rana. Launi ra'ayi ne, na yarda. In kina son ja kusa da kore, ko babba kusa da ƙarami, wannan idonki ne. Amma nauyi ba ra'ayi ba ne. Bargon Hakim da kike faɗa, mahaifinsa ne ya matsa, Alhaja ta sa don a zauna lafiya. Ki tambayi Hakim daga ina bargon ya fara yagewa.

Kin ce babu ƙyallen uwarki a naki. Lokacin da aka haife ki zanenta biyu ne a duniya, na ɗaurawa da na wanki. Wanne kike so a yanka?

Anko ba ni na raba ba. Wadda ta raba tana kabari, ba zan tashe ta ta amsa miki ba. Amma tunda tuna baya kike yi, ki tuna har ƙarshe. Da uwarki Abibatu ta kwanta ciwo, wa ya riƙa ɗaukarta zuwa asibiti a motar haya ta trotro? Danginta na Arewa sai bayan an binne suka iso. Ni na yi mata wanka, ni na ɗaure mata haɓa. Ke kuma a ɗakina kika kwana tun daga ranar har kika hau jirgi. Ba gori nake yi ba. Amma ki san wadda kike rubuta wa.

Aikin na tsayar. Ƙyallayen suna cikin kwando, zanen yana kan akwati. Ki faɗa mini abin da kike so a fili, in yi ko in bari.

Mulikatu

Mamobi, tsakiyar damina

Najat,

Ina gaisuwa, ko da ba a amsa ta baya ba. Barka da arziki. Allah ya raya Abibatu ƙarama, ya sa mai albarka ce.

Kin san yadda na ji labarin? A bakin famfo. Amama mai koko ce ta tare ni ta ce, "Hajiya, barka, ashe an yi jika a Jamus." Na ce wace jika? Sai ta ce a wayar Samiratu ta gani, Basit ya sa hoton ɗan ƙaramin hannu da suna. Mata suna tsaye da bokitai suna kallona. Na ce, "Ai na sani, mantuwa ce ta tsufa." Na koma ɗaki ban ɗebi ruwan ba.

Babbar salla ta wuce ban ji ki ba. Alhaji Braimah ya zo ya koma, na tambaye shi ko akwai saƙo, ya ce babu. Na gane. Shirunki amsa ce. Kuma da na ji sunan da kika sa wa yarinyar, na san ba za ki sauko ba.

To na yi miki abin da kike so. Ba zan bari a ce jikar Jamiu ce ta farko da ta rasa bargo a gidan nan saboda taurin kan Mulikatu ba.

Amma ban yi shi da ganganci ba. Na jiƙa saƙin a ruwan gishiri, na wanke, na shanya, na sake, har ruwan ya daina fita shuɗi kuma ya gama tsukewar da zai yi. Sannan na zauna na yi tunani. In na sa guntu ɗaya a wuri ɗaya, nan zai ja ya yage. Hanya ɗaya ce: a raba nauyin ko'ina, ta yadda kowace atamfa tana da saƙi a gefenta. Kin rubuta mini da hannunki in yanki abin da ya ishe ni. Duka ne ya ishe ni. Na yanka shi murabba'i ƙanana, na jera su ɗaya bayan ɗaya da namu, na sa na Alhaja a tsakiya, saƙin uwarki ya kewaye shi ta kowane gefe. Na sa tsohon zanena mai laushi a ciki, na yi shafi, na bi shi da allura da hannu. Idona ya sha wuya.

Yanzu babu inda za ki ɗora yarinyar ba ta taɓa kakarta ba. Babu macen da ta taɓa samun wuri haka a bargon gidan nan, har Alhaja.

Kazeem ɗan maƙwabcinmu zai taso ƙarshen wata, shi zai kawo.

Gwaggonki,
Mulikatu

Hamburg, Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Alhaji Braimah zai taso jibi, ina rubuta wannan da sauri a asibiti.

Na san kin ji haihuwar a bakin wasu, kuma na san yadda hakan zai yi miki. Ki yi haƙuri. Ba fushi ne ya hana ni ba. Jinina ya hau, aka yi mini aiki tun lokaci bai yi ba. Na yi kwanaki ban san inda nake ba. Yarinyar ta zo ƙarama ƙwarai, aka sa ta a kwalba da wayoyi a jiki. Na hana Basit ya faɗa muku halin da muke ciki, don kada hankalinki ya tashi kina nesa. Hoton da ya sa a waya ma, ya sa shi ne ranar da aka ce ta tsallake. Takardarki ta kafin salla ma sai a makon nan na iya karanta ta.

Na karanta, kuma na yi kuka. Ban manta wanda ya riƙe ni ba. Abin da na faɗa game da Mma ban janye ba, amma bai kamata in ɗora miki shi duka ba.

Maganar zane, kin yi gaskiya, ki bar shi. Kada ki sa masa almakashi ko kaɗan. Da nake zaune a gaban kwalbar nan ina kallon ta, abu ɗaya nake ta gani: ranar da za ta yi ƙwari in goya ta da zanen nan, kamar yadda Mma ta goya ni da shi. Ban san me ya sa ban yi wannan tunanin tun farko ba. Ki yi bargon da ƙa'idarki yadda kika saba, zan karɓa da hannu biyu. Zanen kuma ki ba Alhaji ya dawo mini da shi yadda yake.

'Yarki,
Najat

Hamburg, Satumba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Mun dawo gida, yarinya tana shan nono tana ƙara nauyi.

Kazeem ya kawo saƙon, da takardarki a ciki. Na lissafa, lokacin da nake rubuta miki kada ki yanka, kin riga kin gama. Takardunmu sun wuce juna a hanya. Na san wannan. Na faɗa wa kaina shi sau da yawa.

Na buɗe ledar a tsaye a ƙofa. Basit ya ce, "Kai, ya yi kyau." Kuma ya yi kyau, Gwaggo, ban taɓa ganin aikinki kamarsa ba. Na shimfiɗa shi a gado ina neman zanen uwata, na gan shi ko'ina, ban gan shi ba. Akwai wurin da garwashi ya ƙona shi a gefe tun tana dafa mana tuwo, na same shi a wata kusurwa, an raba ƙunar biyu. Na kai hanci. Da yana da ƙanshin man kaɗanya da hayaƙi, duk shekarun nan bai bar shi ba. Yanzu gishiri da sabulu.

Da na ce ki yanki abin da ya ishe ki, tafin hannu nake nufi. Kin san haka. Ke da kike auna ƙyalle da ido ba kya kuskure, ba ki kasa gane wannan ba. Kina da waya a ɗaki. Kalma ɗaya za ki sa Samiratu ta turo kafin ki ɗauki almakashi. Ba ki yi ba, saboda kina so ki nuna mini cewa ko an karya ƙa'idarki, da ƙa'idarki za a karya ta.

Kin ce babu macen da ta samu wuri haka. Tana da rai ba a yanka mata yadi ɗaya ba. Yanzu an ba ta wuri, bayan an yanka ta yadda za ta zauna da ku.

Ban kwantar da yarinyar a kai ba. Duk lokacin da ta yi barci da rana nakan zauna da reza in farke ɗinkin. Na cire na Mma duka. Zan haɗa su da kaina, ko ya karkace, ko bai kai zanen goyo ba.

Sauran naku ne, ga shi nan a jakar Alhaji. Na Alhaja yana ciki, ban taɓa shi ba.

Najat

Mamobi, Oktoba

Najat,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin jin yarinya tana ƙara nauyi. Ban san an yi miki aiki ba sai da takardarki ta Yuli ta zo, bargon kuwa ya riga ya tashi. Na zauna da ita a hannu har aka kira azahar.

Jakar ta iso. Alhaji ya miƙo ta a tsakar gida, mata suka taru suna zaton tsaraba ce. Matar Hakim ce ta zaro bargon ta ɗaga. Ana hango bango ta cikinsa. Samiratu ta karɓa ta ninke ta kai mini ɗaki.

Ba zan ce miki ban yi fushi ba lokacin da na ɗauki almakashi. Ba kuma zan ce miki aikin ba daidai ba ne. Da kin bar shi, da jikokin Abibatu ƙarama sun kwanta a kansa. Waɗannan biyun duka gaskiya ne, ki ɗauki wadda kike so.

Samiratu tana da ciki. Ta ce in cike ramukan da wata atamfa in ba ta. Na ce a'a. Ta ce to in fara sabo. Na ce ta saya a kasuwa.

Na duba farkewar da kika yi. Ba ki yaga ko ɗaya ba, hannunki yana da kyau. Saboda haka ki saurara, don ba ki da mai faɗa miki a can. Saƙi in an yanka shi bakinsa zarewa yake yi. Kada ki haɗa su haka kawai. Ki kalmashe bakin kowane guntu sau biyu, ki bi shi da ƙananan ɗinki, sannan ki haɗa. Zai cinye miki faɗi, abin da zai fito ba zai kai ki goya ta ba, sai dai ki rufe ta. In kuwa kika ƙi don daga bakina ya fito, wanki biyu zai zama zare a hannunki, ki rasa shi gaba ɗaya.

Ba sai kin amsa ba.

Mulikatu